Randar da Aka Kira Bokanci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a gidanmu na gado da ke Argungu, kafin la'asar kuwa an kai shi makwancinsa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. In kuma zan faɗi gaskiya, ina rubutawa ne don kada a tuna da shi yadda wani mutum yake so a tuna da shi.

Masu gaisuwa sun yi yawa fiye da yadda muka zata. Masunta sun zo da warin gulbi a rigunansu, wani tsoho daga cikinsu ya ce, "Wanga bawan Allah ko ruwan alwala ka ba shi sai ya ɗaga shi sama ya duba tukuna." Aka yi dariya, aka share hawaye. Wasu mata sun taho a kan babura tun daga wani ƙauye bayan Ambursa, da ƙwaryar shinkafa ɗaure a zane, suka zauna gefe ba su ce wa kowa komai ba sai addu'a. Tsofaffin abokan aikinsa kuwa kalma ɗaya suke ta maimaitawa: mai haƙuri ne, mai haƙuri ne. Duk wanda ya faɗa sai in ga Inna, mahaifiyata, ta ƙara matse carbinta. Ta san wanda ya ɗora masa haƙurin, su ma sun sani, amma ba wanda ya ambata.

Ranar sadakar uku mutumin ya zo. Furofesa zan kira shi. Shi ne shugaban sashen nazarin ƙananan halittu a makarantar da Kawu ya yi aiki a Birnin Kebbi, kuma shi ne mai duba aikina na digiri na biyu. Shekara biyu ina ƙarƙashinsa bai san ni 'yar ƙanwar Kawu ba ce, don sunan mahaifina nake amsawa, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Ya gaisa da maza a waje, sannan ya nemi a shigar da shi ya yi wa mata gaisuwa. Ya tsaya bakin ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo da murya mai daɗi. Da ya shafa sai ya ce, "Ni dai, duk abin da ya shiga tsakanina da marigayi, na yafe masa duniya da lahira."

Inna ta ɗago kai.

"Ka yahe mai?" ta ce. "Mi ya ci naka?"

"Hajiya, ai zaman tare ne, ba a rasa..."

"Awo, ba a rasa ba. Akuya ta ci danƙo ta koma tana yi wa mai danƙo gahwara. To mun ji. Allah Ya ba da lada."

Wata goggonmu ta ja mata mayafi, ba ta ko waiga ba. A daidai nan na shigo da tiren ruwa, idonsa ya faɗa kaina.

"Ke kuma me ya kawo ki nan?"

"Kawuna ne, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi murmushi ya ce ashe abin na gida ne. Da zai fita ya kira ni zaure, ya rage murya, ya ce ya san marigayi yana da littattafan da yake rubuta aikinsa a ciki, in tattaro su in kawo masa ofis, sashe zai adana su don tarihi. Ya ƙara da cewa, "Kin ga kare aikinki ya kusa. Mu gama komai lafiya."

Ba zan rantse cewa barazana ce ba. Mai yiwuwa nufinsa alheri ne. Na koma ciki da tirena.

Kawu ba likita ba ne, ba kuma malamin aji ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, mai wanke kwalabe, mai dafa abincin da ake kiwon bakteriya a ciki, mai shirya wa ɗalibai madubin ƙara girma. Amma mutanen Argungu ba su bambance ba, duk wanda rijiyarsa ta canza ɗanɗano sai ya cika kwalba ya kawo masa. Bai taɓa cewa a'a ba. Sai ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce, "Ruwa ba ya ƙarya, sai dai mai kallonsa ya yi gaggawa."

Ina 'yar firamare ya fara nuna mini halittun da ke cikin ruwa. Ya ɗiga ruwan fadama a gilashi, ya ɗora ni kan kujera, na leƙa. Na ga wasu ƙananan abubuwa suna gudu, suna tsayawa, suna juyawa kamar sun tuna sun bar wani abu a gida.

"Da me suke tafiya, Kawu?"

"Da wutsiya, ɗiyata. Siririya ce, ba ki ganinta. Tana juyawa kamar farfelar jirgin ruwa."

"Kullum suna da ita?"

"A'a. Wutsiya tsada gare ta. Ba su yin ta sai in akwai wurin zuwa."

Wannan maganar ita ta kai ni karatun da nake yi.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa dariya. A aljihun gaban rigarsa, inda mutane ke sa biro, shi ma'aunin zafi yake sawa. In ya shiga ɗaki sai ya ciro ya duba kafin ya gaisa. Kowane shafi na littattafansa da abu biyu yake farawa: ranar, da zafin ɗakin a wannan rana. Inna takan ce masa, "Yaya, wata rana sai ka auna tuwona kahin ka ci." Ya ce, "Naki ba ya buƙata, kullum da zahi yake, kamar mai shi."

Rigimarsa da Furofesa ta faru ne ina ƙarama, amma na ji ta daga bakinsa, na kuma karanta ta a rubuce. A wata bazara mata masu ciki da dama a wancan ƙauye na bayan Ambursa suka riƙa yin zazzaɓi, cikin yana zubewa. Aka kawo wa sashen samfurin nono da kindirmon da suke sha a duba. Lokacin Furofesa matashin malami ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, aka ba shi aikin, Kawu yana taimaka masa. Suka fitar da wata bakteriya da suke zargin Listeriya ce, wadda aka san tana iya cutar da mai ciki. Ɗaya daga cikin alamunta ita ce motsi. Ana cika kwalbar gwaji da abinci mai laushi kamar kamu, a soka bakteriyar da allura a tsakiya, a ajiye. In ba ta tafiya, sai ta tsaya a layin da aka soka. In tana tafiya, sai ta bazu ƙasa kaɗan da saman abincin, ta yi siffar laima. Amma ita wannan, a zafin jikin mutum, digiri talatin da bakwai, ba ta motsi. Sai an ajiye ta a wuri mai sanyi-sanyi. Littafin da suke bi ya ce a ajiye a zafin ɗaki.

Furofesa ya jera kwalabensa a kan tebur. Kawu ya ciro ma'auninsa ya nuna masa: arba'in da ɗaya.

"Malam, nan ba za ta motsa ba."

"Littafi ya ce zafin ɗaki."

"Ɗakin wa? Wanda ya rubuta littahin nan, da rigar sanyi yake zama ɗakinsa. Ɗakinmu a watan ga ya hi cikin mutum zahi."

"Kai aikinka wanke kwalba ne. Ka tsaya a kai."

Kawu ya je kasuwa ya sayo randa, ya ɗebo yashin gulbi ya zuba a ciki, ya jiƙa shi, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Da ma'auninsa ya nuna zafin ya sauka ƙasa da talatin, sai ya soka nasa kwalaben, ya toshe bakinsu, ya kafa su cikin yashin. Bayan kwana biyu, na tebur layi ɗaya tak, na randa kuwa kowace da laimarta.

Ya ɗauka za a yi murna. Amma Furofesa ya riga ya rubuta rahoto ya aika cewa ba ita ba ce. Maimakon ya janye, sai ya rubuta wa hukumar makaranta takarda, ya ce Kawu ya gurɓata samfuri da yashi, ya shigo da tukunya ɗakin kimiyya, wannan bokanci ne ba gwaji ba. Kalmar ke nan da ya yi amfani da ita. Aka zauna a kan maganar, ba wanda ya ce a sake gwajin. Mai digiri ya faɗa, marar digiri ya faɗa, an san wanda za a ji. Aka mayar da Kawu sito, wurin karyayyun kujeru da tsofaffin fankoki. A nan ya zauna shekara goma sha ɗaya har ya yi ritaya.

Dole in yi adalci a nan, ko da ba na so. Laima kaɗai ba ta isa hujja ba, akwai wasu gwaje-gwajen da ya kamata a yi, kuma ba a yi su ba. Ba zan iya cewa lallai wannan bakteriya ce ta zubar da cikin matan nan ba. Ba wanda zai iya, tun da an rufe maganar. Laifin da nake ɗora wa Furofesa ke nan: ya rufe ƙofar da ya kamata a leƙa, don kada a ga ya yi kuskure.

Kawu dai bai jira hujja ba. Ranar Asabar ɗin makon da aka kai shi sito ya hau babur ya tafi ƙauyen. Ya zauna da mai unguwa, ya bi gida-gida yana roƙon a tafasa madara kafin a yi kindirmo, mai ciki kuma ta haƙura da wanda ba a tafasa ba. Wata tsohuwa ta ce masa kakanninsu ba su tafasa ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Iya. To ki tafasa don ni, ki ce wani mahaukaci ne ya roƙe ki." Ya yi ta komawa har damina ta faɗi. Matan da suka kawo shinkafa ranar makoki, su ne.

Na shiga sashen ne da sanin Kawu. Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan yi karatu hannun wannan mutum ba, Kawu ya ce a bar ni, ilimi ba na uban kowa ba ne. A zangon farko, ranar da aka koya mana gwajin motsi, sai Furofesa ya kai mu bayan ɗakin gwaji. Ga randa a inuwa, ga yashi, ga jiƙaƙƙen buhu. Ya dafa ta ya ce, "Wannan wata dabara ce da na ƙirƙiro tun ina matashi, don yanayinmu ba irin na Turai ba ne. Dole masani ya yi tunani da kansa." Ɗalibai suka tafa. Ni ma, Allah Ya gafarta mini, na haɗa tafina biyu, ko da dai ba su yi ƙara ba.

Ban faɗa wa Kawu ba sai bara, da ciwon ya kwantar da shi a Argungu. Na je da rana, yana kishingiɗe a rumfa yana kallon masu ɗaukar albasa zuwa kasuwa. Na faɗa masa ina kuka. Sai ya tambaye ni, "Suna jiƙa buhun kullum?"

"Suna jiƙawa."

"To madalla. Ba ta lalace ba."

A ranar ne kuma na ba shi abin da ya fi shekara ashirin yana nema. Shi ya san zafi na hana bakteriyar motsi, amma bai san dalili ba. Na ce masa a cikin bakteriyar akwai ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin ƙera wutsiya, kuma akwai wani sinadari, furotin, da ke zama a kansu kamar maigadi, ya hana a karanta umarnin. In wuri ya yi sanyi, sai wani furotin na biyu ya zo ya riƙe maigadin, ƙofa ta buɗe, a ƙera wutsiya. In zafi ya kai na jikin mutum, shi na biyun sai siffarsa ta lalace, ya saki maigadi, maigadi ya koma ya zauna. Masana suna ganin amfanin haka shi ne, jikinmu yana gane baƙo ta wutsiyarsa, don haka in ta ji ɗumin mutum sai ta daina yin ta.

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe wayo ne! In ta shiga gidan mutane sai ta naɗe wutsiya." Ya kalle ni ta gefen ido. "Kamar wata da na sani."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zagi ba ne, ɗiyata. Ki bar ta naɗe." Sai ya tuna mini da abin da ni da kaina na taɓa karanta masa game da bakteriyar taifot: ita ba ta ƙera wutsiya a tashi ɗaya. Sai ta fara kafa gindin a jikinta, umarnin zaren kuwa yana kulle, akwai mai riƙe da shi. Sai gindi ya kammala, sannan a fitar da mai riƙon ta cikin ramin gindin, a fara zare. "Abin da ba ya da ƙwaƙwalwa ma ya san ba a sakin wutsiya kahin gindi. Ki karɓi takardarki tukuna."

"Kawu, ka yafe masa?"

"Na bar shi da Allah."

Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Kin ji ko? Bai ce ya yahe ba. Kai ƙara ya yi."

Bayan addu'ar bakwai muka buɗe akwatin ƙarfensa. Littattafai goma sha huɗu, an ɗaure da tsumma. A na shida na sami shafin: ranar, zafin ɗaki arba'in da ɗaya, zanen randa da yashi da kwalabe, da laima guda shida da ya zana da fensir. A tsakiyar shafin ga takardar a ninke, mai kalmar bokanci, da sa hannun Furofesa a ƙasa. Nan na gane abin da sashe ke son adanawa.

Inna ta ce in na kai masa ko bango ɗaya ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Mahaifina ya ce in kai, in karɓi digirina, mamaci ba ya cin suna. Na yi mako uku ina kai-kawo tsakaninsu. Sau biyu Furofesa ya tare ni a baranda yana tambaya, sau biyu na ce ana tattarawa. Na yi ta gaya wa kaina cewa Kawu da bakinsa ya ce in jira. Amma Kawu ya faɗi haka ne lokacin da littattafan ke cikin akwatinsa. In na jira yanzu, sai dai in jira da hannu wofi, kuma randar ta zama ta Furofesa har abada. Ban sani ba ko wannan hujja ce ko kuwa fushi ne ya sa rigar hujja. Wataƙila duka biyun.

Ranar da na gabatar da aikina gaban malamai da ɗalibai, da na zo kan yadda na yi gwajin motsi, sai na haska hoton shafin a bango. Na ce wannan hanya ta randa wani ma'aikacin ɗakin gwajin nan ne ya fara ta, ga rubutunsa, ga ranar. Sannan na haska takardar. Ban karanta ba, ban ƙara kalma ba. Na bar ta a bango gwargwadon lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau uku, kowa ya karanta da idonsa har zuwa sa hannun.

Furofesa ya ce, "Wannan ba ya cikin aikinki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka koya mana a ambaci mai abu."

Wani tsohon malami a layin gaba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake kallon bangon. Ba wanda ya tafa. Furofesa ya tattara takardunsa ya fita.

Wata huɗu ke nan, bai sa hannu a aikina ba. An ce za a duba maganar, an ce in yi haƙuri, kalmar nan dai ta Kawu ta dawo kaina. Mai yiwuwa a canza mini mai dubawa, mai yiwuwa shekaruna biyu sun tafi. Wasu ranakun nakan farka da nadama, in ji kamar Kawu yana girgiza kai yana cewa gindin bai gama ba.

Amma jiya da safe na bi ta bayan ɗakin gwaji. Wani daga cikin ma'aikatan, ban san ko wane ne ba kuma ban tambaya ba, ya rubuta sunan Kawu a jikin randar da farin fenti, manyan baƙaƙe, a gefen da ke kallon tagar ofishin Furofesa. Ba zai iya sa a fasa ta ba, don ba ta da madadi a bazara. Ba zai iya sa a goge ba, sai ya faɗi dalili. Kullum ya ɗaga labule zai gan ta.

Ya Allah Ka jiƙan Kawu, Ka sanyaya masa kabarinsa fiye da yadda ya sanyaya yashin nan, Ka sa abin da ya yi wa matan ƙauyen can ya tarye shi. Wanda ya ce ya yafe masa kuwa, ban roƙa masa sharri ba. Ina dai roƙon Allah Ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido.

Buhun ya fara bushewa, sai na ɗebo ruwa na jiƙa shi.